Gubar Da Ke Kwance A Ƙasar Garejin Azare

Duk wanda ya shiga Azare, ko ta hanyar Kano ya biyo, ko ta Potiskum, ko ta Misau, ba zai kai tsakiyar gari ba sai ya wuce garejin kanikawa. Abin da zai fara gani kuwa shi ne ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin, ta daskare kamar an malala kwalta, ko ciyawa ba ta tsirowa. Mutane sun saba da ganin haka har sun ɗauke shi alamar wurin sana'a kawai. Mu a wannan shafi muna ganin lokaci ya yi da Hukuma da jama'ar ƙasar Katagum za su tsaya su tambayi kansu abin da ke cikin wannan baƙar ƙasa, da kuma inda yake tafiya idan iska ta taso ko ruwa ya sauka.

Tun da fari muna so a fahimce mu. Bakanike mutum ne mai amfani, mai cin guminsa. Azare gari ne na mahaɗar hanyoyi, babban titin Kano zuwa Maiduguri ta cikinsa ya ratsa, kuma manyan motocin da ke ɗaukar hatsi da dabbobi da mai su kan yada zango a nan. Idan kanikawa da masu walda da masu faci da masu cajin batir suka ajiye aiki na mako guda, kasuwa za ta tsaya, marar lafiya kuma zai rasa abin da zai kai shi asibiti. Gareji makaranta ce da ta raini dubban samari waɗanda da yanzu suna zaman kashe wando. Saboda haka wannan magana ba ta neman a hana kowa abincinsa. Gyara kayanka, in ji Hausawa, ba ya zama sauke mu raba.

To, mene ne a cikin ƙasar gareji? Abu na farko shi ne baƙin mai, watau man injin da aka juye bayan ya gama aiki. Sa'ad da mai yake zagayawa cikin inji yana kwasar ɓarɓashin ƙarafan da ke gogar juna, ga kuma sinadaran da kamfani ya zuba masa tun asali. Shi ya sa idan aka auna shi a kan sami tutiya da jan ƙarfe da dalma da kuromiyam a ciki. Abu na biyu shi ne batir. Fiye da rabin nauyin batirin mota dalma ce, ruwan da ke cikinsa kuwa asid ne mai cin tufa da fata. Sai mai gyaran lagireto wanda yake liƙi da dalma, da mai fenti wanda yake kankare tsohon fenti ƙurarsa tana zuba ƙasa, da mai walda, da garin birki, da tayar da aka ƙona. Kowannensu yana barin nasa rabo a wuri guda, yau da gobe, shekara da shekaru.

Masana suna kiran waɗannan abubuwa ƙarafa masu nauyi. Bambancinsu da sauran shara shi ne ba sa ruɓewa. Ɓawon rake da kashin shanu ƙasa takan cinye su su zama taki. Ko shi kansa man, a hankali rana da ƙananan halittun cikin ƙasa su kan rage shi. Amma dalma dalma ce har abada, wuta ba ta kashe ta, ruwa kuma sai dai ya canza mata wuri. An fara sayar da fetur mai dalma a Amurka a 1923, ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka bar shi a farkon 2006, Aljeriya kuma ta zama ƙasa ta ƙarshe a duniya da ta daina a 2021. Duk da haka dalmar da ta fita daga salansar motoci da wadda aka juye tare da baƙin man wancan zamani tana nan kwance a tsofaffin gareji da bakin manyan tituna. Garejin da ya yi aiki tun zamanin Fijo da Landiroba yana ɗauke da gadon wancan lokaci ko da masu shi na farko sun daɗe da rasuwa.

Malaman jami'o'in ƙasar nan sun sha ɗibar ƙasa daga gareji a birane dabam dabam, Kudu da Arewa, suna aunawa. Abin da a kan samu ya yi kama da juna: ƙasar cikin gareji ta fi ta gonakin nesa yawan waɗannan ƙarafa, kuma yawan yana raguwa gwargwadon yadda mutum ya nisanci wurin. Babu dalilin da zai sa mutum ya yi zaton Azare za ta fita dabam, tun da mota ɗaya ce, batir ɗaya ne, yadda ake aikin kuma ɗaya ne.

Sai dai akwai abin da ya sa lamarin ya fi damunmu game da ƙasar Katagum. Galibin ƙasar yankin rairayi ce, ga ƙarancin taki. Laka da taki su ne suke riƙe ƙarfe su hana shi motsi, rairayi kuwa sakin hannu gare shi. Ita dalma ta fi zama a saman ƙasa, inda ƙafa take takawa, saboda haka da rani, musamman lokacin hunturu, iska takan kwashe ta cikin ƙura ta kai ta tsakar gidaje, ta zuba ta a kan tiren mai talla da kwanon mai abinci. Idan kuma aka tuttular da ruwan batir a ƙasa, asid ɗin yana narkar da ƙarafan ya sauƙaƙa musu nutsawa. Da damina ta kankama sai ruwa ya wanke garejin ya bi kwata ya faɗa kududdufi. A kududdufin nan yara suke wanka, a nan dabbobi suke sha, daga nan kuma wani mai lambu yake ɗibar ruwan ban alayyafo da latas. Rijiyar gida marar zurfi da ke maƙwabtaka da gareji ita ma tana cikin haɗari.

Kada a manta kuma da cewa arzikin wannan yanki a fadama yake. Kogin Jama'are, wanda ya wuce ta gefen tsohon garin Katagum, shi ne yake haɗuwa da na Haɗeja su shayar da dausayin Haɗeja da Nguru, inda ɗimbin jama'a suke noman shinkafa da su da kiwo. Manomin rani a yau ba ya rabuwa da injin ban-ruwa, kuma sau da yawa a bakin ruwan yake juye man injin. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa galan ɗaya na baƙin mai yana iya ɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha. Watau maganar ta wuce garejin cikin gari, ta kai har gona.

Wani zai ce, ai mun daɗe muna wannan aiki, iyayen gidanmu ma sun yi, ba mu ga wanda ya faɗi ya mutu ba. Wannan ita ce hujjar da aka fi ji, kuma a nan ne makircin dalma yake. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗanon da zai sa mutum ya tofar, kuma ba ta cika kayar da babba nan take ba. Takan shiga jini, ta je ta kwanta cikin ƙashi shekaru masu yawa. Ga babba takan jawo hawan jini da ciwon ƙoda da raunin haihuwa, cututtukan da idan sun zo sai a ɗora wa shekaru ko gado. Mace mai ciki kuwa, dalmar da ta taru a ƙashinta takan fito ta bi jini ta isa ga ɗan da ke ciki.

Yaro ƙarami shi ne ya fi kowa shan wuya. Yana wasa a ƙasa, yana kai hannu baki, kuma bisa ga bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya, cikinsa yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Idan yana da ƙarancin abinci mai gina jiki, abin ya ƙara muni. Dalma takan taɓa ƙwaƙwalwar da ke kan girma, sai yaro ya tashi ba ya gane karatu, ba ya riƙe hadda, ba ya iya zama wuri ɗaya. Malam ya ce daƙiƙi ne, uba ya ce ƙiriniya ce, a yi ta dukansa a kan abin da ba laifinsa ba. Wannan ɓarna kuwa idan ta auku ba ta gyaruwa. Hukumar ta ce babu wani gwargwado na dalma a jini da za a ce ba shi da illa, ta kuma ba da shawara a 2021 cewa da zarar an sami maikirogiram 5 a cikin kowane kashi ɗaya bisa goma na litar jini, tilas a nemo inda gubar take fitowa a toshe. Maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, mai karatu ya dubi ƙanƙantar abin. Rahoton da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a 2020 ya nuna kusan yaro ɗaya cikin kowane uku a duniya, watau wajen miliyan 800, ya kai wannan matsayi ko ya wuce.

Su wane ne yaran da ke cikin gareji? Su ne 'yan koyon aiki, waɗansu ba su wuce shekara goma sha biyu ba, su ake sa wa wankin kayan inji da fetur, su ne masu kwanciya ƙarƙashin mota, su ne masu zuƙo mai da tiyo a baki. Idan azahar ta yi su sayi shinkafa da wake su ci da hannun nan, in an yi ƙoƙari a goge shi da tsumma. Sai 'yan mata masu talla da ke yini suna zagaya wurin. Sai kuma yaran gida, domin bakanike yakan koma da kayan aikinsa a jiki, ya ɗauki jaririnsa, matarsa ta wanke kayan a tsakar gida ta zubar da ruwan inda yara suke rarrafe.

Dalma ba ita kaɗai ba ce. Kadmiyam, wanda a kan samu a waɗansu batura da fenti, ya fi ta saurin shiga jikin shuka, musamman ganyayen miya da shinkafa, kuma ƙoda da ƙashi yake ci. A lardin Toyama na ƙasar Japan, manoman da suka yi shekaru suna shayar da shinkafa da ruwan kogin da ya biyo ta wurin haƙar ma'adinai sun kamu da ciwon ƙashi mai tsanani, har Gwamnatin ƙasar ta amsa a 1968 cewa kadmiyam ne sanadi. Mai noman fadama ya kamata ya san wannan labari.

Mu 'yan Arewa ba sai an kai mu Japan ba kafin mu san abin da dalma take yi. A 2010 likitocin ƙungiyar nan ta MSF suka gano cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Da farko an zaci zazzaɓi ne ko sanƙarau. Ashe duwatsun zinariya ne masu haɗe da dalma ake daka wa a cikin gidaje. Yara wajen 400 suka rasu, dubbai kuma aka yi musu magani. Kafin ƙauyukan su zaunu sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka kai ta rami aka binne, aka kawo sabuwa aka zuba, aikin da ya ci miliyoyin daloli, Bagega ma ba a kai gare ta ba sai a 2013. A 2015 abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka tafi.

Gaskiya ce a faɗa, ƙasar gareji ba ta kai ta Bagega guba ba, kuma ba mu ce yaran Azare za su riƙa faɗuwa kamar yadda aka gani a can ba. Amma akwai wani labari da ya fi kusa da namu. A wata unguwa ta Thiaroye, bayan birnin Dakar na ƙasar Senegal, mutane sun yi shekaru suna fasa tsofaffin baturan mota suna cire dalma suna sayarwa. Har ta kai mata suna tankaɗe ƙasar unguwar a cikin gidajensu don tsintar ɓarɓashin. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka mutu. Babu ramin zinariya a Thiaroye, batirin mota ne kawai. A nan gida kuma, a 2025, hukumomi sun rufe waɗansu masana'antun narkar da tsofaffin batura a Ogijo ta Jihar Ogun saboda gubar da suke watsa wa jama'a. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Maganar batir za ta ƙara girma, domin yanzu ba mota kaɗai ke amfani da shi ba. Rashin wutar lantarki ya sa gidaje da shaguna da masallatai sun koma ga hasken rana, ko wane faranti kuma yana tafe da batirinsa, galibi mai dalma, wanda bayan 'yan shekaru zai mutu. Matacce kuwa yana da kuɗi, shi ya sa 'yan jari-bola da 'yan gwangwan suke binsa gida gida. Kafin a ɗora shi a mota zuwa Kano ko Ikko, sau da yawa sai an huda shi an tsiyaye ruwan a ƙasa don ya yi sauƙin ɗauka. Waɗansu ma a bayan shago suke fasa shi da gatari su narka da gawayi.

Haka nan baƙin mai ba ya tsayawa a gareji. A kan saye shi a shafa wa katako da azara don gara, masu buga bulo su shafa wa abin bugu, waɗansu su zuba a masai don wari da sauro, waɗansu su yayyafa a ƙofar gida don kwantar da ƙura. Mafi muni, akwai masu shafa wa dabba don kaska ko ƙaiƙayi, da masu babbake kai da ƙafa da tsohuwar taya. Duk wanda ya yi ɗaya daga cikin waɗannan, ya sayi gubar da kuɗinsa ya kai ta gidansa da kansa.

Doka kuwa ba ita aka rasa ba. A 1988 aka gano dubban gangunan guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, na Jihar Bendel ta wancan lokaci, wadda yanzu yake cikin Delta. Hankalin ƙasa ya tashi, Gwamnatin Soja ta kafa Doka ta 42 mai hukunta masu zubar da guba da Doka ta 58 wadda ta haifi Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya. A 2007 aka kafa NESREA don tilasta bin ƙa'idoji, a 2024 kuma aka fitar da ƙa'idoji na musamman kan batura. Sashe na 20 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa Gwamnati nauyin kare ruwa da iska da ƙasa. Jihar Bauchi tana da tata hukumar, watau BASEPA. Abin mamaki shi ne gubar da baƙo ya kawo a jirgin ruwa ta tayar mana da hankali cikin 'yan makonni, wadda muke zubarwa da hannunmu kullum safiya kuwa mun yi mata shiru. Ranar tsaftar ƙarshen wata a kan share leda da ciyawa, a wuce baƙar ƙasar gareji ba a ko dube ta ba.

Idan aka ta da wannan magana, amsar da ma'aikata su kan bayar nan da nan ita ce a kwashe kanikawa a kai su bayan gari. Ikko ta yi haka tun zamanin Gwamna Lateef Jakande, daga 1979 zuwa 1983, Owerri da Abuja ma suna da unguwannin kanikawa. Dabara ce mai kyau, amma muna jan kunne a kan abu biyu. Na ɗaya, idan aka tara gareji ɗari a fili ɗaya babu daɓen siminti, babu wurin tara mai, an tara gubar ce wuri guda, kuma garuruwanmu girma suke yi, bayan garin yau shi ne tsakiyar garin gobe. Garejin da yawa da suke cikin unguwa yanzu, a daji aka kafa su, gari ne ya tarar da su. Na biyu, kuma wannan ya fi ba mu tsoro, shi ne abin da za a yi da filin da aka tashi. Fili a bakin titi a Azare kuɗi ne. Da zarar kanikawa sun kwashe kayansu za a yanka shi fuloti, wani ya gina gida, wani Islamiyya, wani ya haƙa rijiya. Yaran da za su yi rarrafe a wannan tsakar gida sun fi 'yan garejin shiga haɗari, ba tare da iyayensu sun san abin da suka saya ba.

Saboda haka ga abin da muke ganin ya kamata a yi, kuma mun jera shi daga wanda ba ya cin kuɗi zuwa wanda sai Gwamnati.

Na farko, kanikawa da kansu. Ko wane gareji ya ajiye ganga mai murfi, a riƙa tara baƙin mai a ciki, a sa faranti ƙarƙashin mota lokacin juye. Mai da aka tara kuɗi ne, wanda aka zubar asara ce. Kada a huda batir, kada a fasa shi, a sayar da shi yadda yake da ruwansa. A ajiye buta da sabulu, kowa ya wanke hannu kafin ya ci abinci, a daina wanke hannu da fetur. Kayan aiki su kwana a gareji. Maigidan da aka damƙa wa ɗan mutane ya koyi sana'a, amana aka ba shi, kada ya sa ƙaramin yaro aikin batir ko kankarar fenti. Ƙungiyar kanikawa ta NATA tana da shugabanni da ake jin maganarsu, idan suka mai da waɗannan abubuwa sharaɗin zama ɗan ƙungiya, za a bi su fiye da yadda za a bi takardar ofis.

Na biyu, a auna. Azare tana da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da babban asibitin Tarayya da Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh, ga jami'ar Jiha a Gaɗau nan kusa. Gari kaɗan ne a Arewa maso Gabas yake da irin wannan tarin masana. Gwamnatin Jiha ta ba su kuɗi su ɗebi ƙasar gareji da ruwan rijiyoyin maƙwabta da ganyen lambunan da ke shan ruwan kwata, su kuma gwada jinin 'yan koyon aiki da yaran gidajen kusa da yardar iyayensu. Sa'an nan a fassara sakamakon da Hausa a karanta a rediyo, a kai wa masu unguwa. Binciken da ya ƙare a kabad ɗin laburare da Turanci bai tsare ɗan kowa ba.

Na uku, Ƙaramar Hukumar Katagum da ta Zaki da maƙwabtansu su rubuta sunan ko wane gareji da wurin 'yan gwangwan, da shekarun da ya yi, da nisansa da rijiya ko makaranta. Ma'aikatan da suke zuwa karɓar haraji sun san ƙofar kowa, saboda haka aikin ba mai wuya ba ne. A farfaɗo da aikin duba-gari, a koya musu wannan fanni. Amma muna gargaɗi, kada a mai da wannan wata sabuwar hanyar tatsar talaka. Idan ma'aikaci zai karɓi na goro ya kau da kai, gara ma ba a fara ba.

Na huɗu, Ma'aikatar Filaye ta kafa ƙa'ida cewa ba za a ba da takardar gina gida ko makaranta a tsohon gareji ba sai an auna ƙasar, idan ta ɓaci a kankare ta a kai wurin da aka keɓe, a rufe filin da sabuwar ƙasa ko siminti. Dokar Filaye ta 1978 ta sa filayen birni a hannun Gwamna, saboda haka ikon yin wannan yana nan. Idan kuma za a gina unguwar kanikawa, a zauna da su tukuna, a zaɓi wurin da ba ya gangara zuwa fadama, a yi daɓe da rumfa da ramin tace mai da famfo da masai kafin a ce kowa ya tashi. Tun ran gini, ran zane.

Na biyar, kamfanonin da suke shigo da batura da man inji su ɗauki nasu kason. A ƙasashe da dama mai sayen sabon batir yakan mayar da tsoho a rage masa kuɗi, dillali kuma ya miƙa shi ga masana'anta mai lasisi. Ƙa'idojin 2024 sun ɗora wa masu kawo batir nauyin kula da ƙarshensa. NESREA da BASEPA su tabbatar an buɗe wurin karɓa a Azare, don kada ƙa'idar ta tsaya a Abuja da Ikko.

Daga ƙarshe muna roƙon Mai Martaba Sarkin Katagum da hakimai da limamai su sa baki. Jama'armu sun fi jin abin da aka faɗa a fada da kan mumbari. Addini ya hana cutar da maƙwabci, ya hana ɓata ruwan da mutane suke sha, kuma wanda ya tuttular da ruwan batir a kwatar da ta bi ta ƙofar gidan wani ya shiga wannan hani ko da bai yi niyya ba. Likitoci da ma'aikatan asibiti su ma, idan aka kawo yaro mai ƙarancin jini ko ciwon ciki ko jijjiga da ba a gane kansa ba, su riƙa tambayar sana'ar uban da abin da ke maƙwabtaka da gidan.

Kuɗin ganga da sabulu da buhun siminti kaɗan ne idan aka gwada da abin da aka kashe a Bagega, kuma a can ɗin ma kuɗin bai dawo da yaro ko ɗaya ba. Rigakafi ya fi magani. Muna fata Gwamnatin Jihar Bauchi da Ƙananan Hukumomin ƙasar Katagum za su fara wannan aiki kafin wata damina ta sake wanke garejin ta kai wa masu lambu. Allah Ya kare mana zuriyarmu, Ya sa albarka a sana'ar kowa.